Kwamfutar shago tana ƙin tashi da safe, sai an yi ta danna maɓalli

Mai_Kafe_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah injiniyoyin gidan nan ku taimaka min. Akwai kwamfutar tebur da muke aikin buga takardu da ita a shago, haɗi ce, Core i5 ƙarni na uku, ram 8GB, ta daɗe tana aiki lafiya lau. Tun da sanyin nan ya shigo ta ɗauko wani hali, da safe in na danna maɓalli shiru kake ji ko fanka ba ta motsi, wani lokacin kuma fankar ta ɗan juya ta tsaya. Sai na zare waya daga bango na mayar, na danna na danna, can sai ta tashi kamar ba ita ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne in ta tashi shikenan har dare ba ta ba ni matsala, ko ristat na yi tana dawowa. Amma in ta kwana a kashe gobe sai an sake kokawa. Ga furojet ɗin ɗalibai ya taru a ciki. Me ke damunta?

sani_fasaha:
Wa alaikumus salam. Ram ne. Zare shi ka goge haƙoran da kilina ta fensir ka mayar, an gama.

ɗanliti:
Sanyi take ji oga, ka saya mata bargo 😂

Injiniya_Beirut:
Sani kai komai ram ne a wajenka. Malam Mai Kafe kafin kowa ya ba ka magani amsa min wannan tukuna, domin "ba ta tashi" iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su. Akwai wadda ka danna fanka ta tashi, fitila ta kama, amma monita baƙi ƙirin. Wannan ita ce ake zargin ram ko katin hoto. Akwai kuma wadda ka danna babu abin da ya motsa sam. Taka daga bayaninka ta biyun ce, kuma ram ba ya hana fanka juyawa, ko ka cire shi gaba ɗaya ka ajiye a aljihu fanka za ta juya, sai dai bod ɗin, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke jone a kansa, ya yi ta ƙara in akwai 'yar lasifika a jiki. Toh gaya min, in ka jona wuta kafin ka danna komai, akwai wata 'yar fitila da ke kamawa a kan bod? Buɗe murfin gefe ka leƙa.

Mai_Kafe_Samaru:
Injiniya na gode. Akwai 'yar koriyar fitila kusa da inda ram yake. Tana kamawa, amma yau da safe na lura kamar tana ɗan ƙyaftawa, ba ta tsaya cak ba. Yanzu da kwamfutar ke aiki ta tsaya.

Injiniya_Beirut:
Yauwa. Wannan ƙyaftawar ita nake nema. Ni fawa fak nake zargi, wato ƙaramin akwatin ƙarfen da ke karɓar wutar gari ya raba wa kayan cikin kwamfuta.

Ummu_Hanan:
Ni dai tawa da ta yi irin wannan batiri ne. Wannan ɗan zagayayyen mai kama da kwabo da ke kan bod, CR2032 ake rubutawa a jikinsa. Na kai ta wajen mai gyara har yana cewa bod ya mutu sai an sayi wani, ƙanina ya zo hutu ya canza batirin nan kawai ta dawo. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi, ba tsada. Malam ka duba agogon kwamfutar, in tana tashi da kwanan wata na shekarun baya to shi ne.

Mai_Kafe_Samaru:
Hajiya agogon yana ɗan yin baya gaskiya, amma kwanan wata daidai yake.

kwamred_IT:
Kwanan wata zai iya zama daidai domin Windows tana gyara shi da kanta in akwai intanet, don haka wannan ba hujja ba ce. Shiga BIOS, wato shafin saitin bod, ka gani tun kafin Windows ta loda.

MaiSola_Funtua:
Duk kun tsallake tambaya ta farko. Da wace wuta kake tayar da ita da safen? Nepa, janareta ko inbata? Kuma ka taɓa sa mita a soket ɗin ka ga nawa ke zuwa? Wutar ƙasar nan a takarda 230V ce, amma lokacin sanyi da asuba kowane gida ya jona hita yana dafa ruwan wanka, sai ka ga layin unguwa ya faɗo ƙasa sosai, ƙwan fitila ya yi ja. Fawa fak irin na da, mai ɗan jan makunni a baya da aka rubuta 115 da 230, in yana kan 230 to daga wajen 180V zuwa sama yake iya aiki, ƙasa da haka sai yadda hali ya yi. Na zamani masu rubutun 100-240V su ne ba ruwansu da raunin wuta. Lokacin da kake cewa "can sai ta tashi" wa ya sani ko lokacin ne mutane suka kashe hitocinsu suka fita aiki?

Mai_Kafe_Samaru:
Kai wannan ma magana ce. Galibi nepa ce da safe in akwai, in babu mu tada inji. Amma gaskiya da injin ma tana yi.

MaiSola_Funtua:
Wane irin inji, kuma me da me ke kansa?

Mai_Kafe_Samaru:
Matsakaici ne, yana ɗaukar injin fotokwafi da firinta da kwamfuta biyu.

MaiSola_Funtua:
Toh ka ji. Injin fotokwafi in aka kunna shi da safe sai ya ɗumama hitar da ke manne tawada a takarda, lokacin yana zuƙar wuta ba kaɗan ba, kana jin muryar janareta tana canzawa. In a daidai lokacin kake danna kwamfuta ba mamaki ta ƙi. Gobe ka gwada, kar ka kunna komai sai ita kaɗai.

Baba_Rediyo:
Salamu alaikum yara. Ni tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne, kwamfuta ba fannina ba ce sosai amma fawa fak ɗinta da na talabijin duk dangi ɗaya ne. Wannan ciwo na sanshi tun zamanin talabijin mai ƙusumbi. Kayan wuta ya ƙi tashi da sanyi, in ya ɗumama ya yi aiki lafiya, kashi mafi yawa kafasita ce ta bushe. Waɗannan 'yan gwangwanayen akwai ruwan sinadari a cikinsu, shekara da shekaru zafi yana busar da shi a hankali. In ta tsufa, da sanyi ba ta iya riƙe caji yadda ya kamata, in ta ɗan ji ɗumi sai ta farfaɗo. Kamar tsohuwar Vespa ce da asubar hunturu, sai ka yi ta buga kik, amma in ta kama sai ta kai ka Kaduna ta dawo. Dannawar da kake yi da zare waya da mayarwa, ɗumama ta kake yi ba ka sani ba. Akwai gwajin da muke yi, ka samu na'urar busar da gashi ta mata, da safe kafin ka danna komai ka hura iska mai ɗumi ta ramukan bayan fawa fak ɗin na ɗan lokaci, kar ka matsa kusa har roba ta narke. In ta tashi a dannawar farko to ka kama ɓarawonka.

ɗanliti:
Kun gani ko? Na ce sanyi take ji kuka yi min dariya. Baba ya tabbatar 😂😂

Injiniya_Beirut:
Baba Allah ya ƙara girma, abin da nake shirin rubutawa kenan. Bari in ɗora a kai saboda yaran da ke koyo su gane dalilin da ya sa na tambayi 'yar fitilar nan. Maɓallin gaban kwamfuta ba makunnin wuta ba ne irin na bango. A tsofaffin kwamfutoci na da can haka ne, wutar gari ce ke bi ta cikinsa kai tsaye, amma tun da Intel ta fito da tsarin ATX a 1995 aka daina. Yanzu muddin waya na jone, fawa fak yana ba bod wata 'yar wuta 5V ta jiran aiki, ta waya mai launin shunayya, ko kwamfutar na kashe. Ita ke kunna koriyar fitilar da ka gani. In ka danna maɓalli ƙafafu biyu kawai yake haɗawa a kan bod, bod ɗin da ke raye da wannan 5V sai ya ja wutar koriyar waya zuwa ƙasa, wato 0V, wannan shi ne umarnin "tashi" ga fawa fak. Sai ya saki 12V a rawaya, 5V a ja, 3.3V a ruwan lemo. In komai ya daidaita cikin abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba sai ya aika saƙo ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta yi kyau, sannan furosesa ya fara aiki. In saƙon nan bai zo ba bod ya kashe komai, shi ne fankar da ka ga ta juya ta tsaya. Toh ka ga in 5V ɗin jiran nan tana rawa, bod ɗin ma bai farka ba balle ya ji ka danna. Kuma ɓangaren nan shi ne ba ya hutawa dare da rana in dai akwai wuta, ga shi fanka ba ta juyawa ta sanyaya shi in kwamfuta na kashe, shi ya sa kafasitocinsa ke riga sauran mutuwa.

Yaro_Koyo:
Oga Injiniya Allah ya saka da alheri, wlh a shagon da nake koyo ba a taɓa yi min bayanin nan ba, canza wannan canza wancan kawai ake ce min. Tambaya ta, gwajin da ake yi da kilif na takarda fa?

Injiniya_Beirut:
Shi ne dai abin da na faɗa, kai kake yin aikin bod da hannunka. Ka zare wuta, ka cire babban fulogi mai ƙafa 24 daga bod da sauran wayoyin duka, ka lanƙwasa kilif ka haɗa ramin koriyar waya da na kowace baƙa, sannan ka jona wuta. In fanka ta juya fawa fak yana amsa kira. Amma ƙanena ka riƙe wannan, juyawar fanka ba ta nufin lafiyarsa ƙalau, domin babu kaya a kansa. Na sha ganin wanda ya ci gwajin kilif amma da an ɗora masa bod da haddis (ma'ajiyar fayiloli) sai ya durƙushe. Sai ka sa mita: rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja da shunayya tsakanin 4.75 da 5.25. Wanda ya fita daga nan ba shi da kyau. Kuma ga Mai Kafe, gwajin nan da safe za a yi shi lokacin da take ƙin tashi, in ka yi da rana bayan ta ɗumama komai zai nuna maka daidai.

Abdu_Maradi:
Salam. A yi hattara da gwajin kilif ɗin nan ga masu kwamfutocin ofis na kamfani. Da yawa cikin HP da Dell da ake kawowa na hannu ba su da fulogi mai 24 ɗin. HP Elite 8200 da 8300 nasu mai ƙafa 6 ne, Dell OptiPlex 3020 da 9020 mai ƙafa 8, kuma 12V kaɗai suke fiddawa, bod ne ke rage ta da kansa. Launin wayoyin ma ba lallai ya zo ɗaya ba. Wasu Dell ɗin akwai ɗan maɓalli da fitila a bayan fawa fak, ka danna in ta kawo kore to yana aiki, ba sai ka tsoma kilif ba.

Mai_Kafe_Samaru:
Tawa mai 24 ce Malam Abdu, na ƙirga. Fawa fak ɗin kuma wanda ya zo da akwatin ne, an rubuta 450W a jiki amma ba suna sananne.

Injiniya_Beirut:
In ka kwance shi ka ɗaga za ka ji ba nauyi kamar gwangwanin madara da aka shanye. Lambar jikin irin waɗannan ado ce kawai.

sani_fasaha:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, a goge ram. Ƙurar hunturun nan ba abin da ba ta shiga. Me zai rage shi in ya goge? Kyauta ne fa.

Ummu_Hanan:
Batirin ma kusan kyauta ne ai. Ku injiniyoyi kun fi son a fara da mai tsada.

Injiniya_Beirut:
Hajiya ba na musa miki, akwai bod ɗin da in batirin ya faɗi ƙasa sosai da 3V yake rikicewa ya ƙi tashi, na gani da idona. Kuma kwamfuta mai ƙarni na uku ta haura shekara goma, in ba a taɓa canza shi ba ya ci a canza ko ba shi ne ba. Abin da ya sa ban sa shi a gaba ba, batiri ba ya sa fitilar bod ƙyaftawa.

Garba_Wayarin:
Ba wanda ya ambaci maɓallin kansa. Ɗan makunnin da ke bayan robar nan yana gajiya, ƙura ta shiga, sai ka danna sau da yawa kafin ya haɗa. Bi siraran wayoyin da suka fito daga gaban akwati zuwa bod, za ka ga wanda aka rubuta PWR SW ko POWER SW, zare shi ka taɓa ƙafafun nan biyu da bakin sukundireba sau ɗaya. In ta tashi nan take kullum to maɓalli ne. Ba sai ka sayi komai ba, ka ɗauko wayar maɓallin riset ka sa a gurbinsa, ka riƙa kunnawa da shi. Akwai wani ofis da na yi wa haka har yau da riset suke kunnawa.

Sannan wayar wutar kanta da ekstenshin. Ekstenshin ɗin kasuwa in ya sha zafi bakinsa yana saki, fulogi ya riƙa rawa a ciki. Duba ko akwai baƙi-baƙin ƙuna a ramin. Ka ce in ka zare ka mayar take tashi, wa ya sani ko zarewar da mayarwar ce ke sa ƙarfen ya kama?

Mai_Kafe_Samaru:
Oga Garba ekstenshin ɗin kam ya ga duniya, rami ɗaya har ya narke mun daina amfani da shi.

Garba_Wayarin:
Innalillahi. Jefar da shi yau ba gobe ba, ko ba shi ne matsalar ba. Shago cike da takarda fa kake.

kwamred_IT:
Akwai kuma abin da Windows ke yi tun daga Windows 8, in ka ce ta kashe ba ta kashewa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare a haddis don ta yi saurin tashi. A wasu tsofaffin bod yana kawo rikici, ka kashe da dare da safe ta tashi da baƙin allo. A saitin wuta na Control Panel ake cire shi. Kuma tun da ana maganar, ƙarni na uku ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, daga na takwas ta fara, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Ni da kai ne da na fara tara kuɗin wata maimakon zuba kuɗi a wannan.

ɗanliti:
Kwamred mutum ya zo da ciwon kai ka ce ya sayi sabon kai.

Abdu_Maradi:
Windows ba ta da hannu a nan, na'urar da fanka ma ba ta juya ba ina ta kai ga Windows? Kuma don buga takarda da Word wannan kwamfutar ta isa har ta yi yawa.

kwamred_IT:
Ban ce ita ce ba, na ce a cire don a rage abin zargi. Kuma shagon da kowa ke zuwa da filashinsa ya soka, tsaro ba abin wasa ba ne.

Hafsat_Dizain:
Ni shi ya sa na koma laftof gaba ɗaya, a ɗauke wuta a kawo ba ruwana. Kwamfutar tebur a ƙasar nan wahala ce.

Mai_Kafe_Samaru:
Anti laftof a shago ƙafa gare ta, ka juya baya ta yi tafiya. Kuma ta tebur in abu ya lalace shi kaɗai za ka cire ka sa wani.

Admin_Zee:
Jama'a a dawo kan tambayar Mai Kafe dan Allah. Mai son muhawarar laftof ya buɗe nasa zaren.

Baba_Rediyo:
Wani abu da na manta, kuma saboda yaron nan mai koyo nake faɗa. Kar wanda ya ji na ce kafasita ya ɗauki sukundireba ya buɗe fawa fak ya sa yatsa. Manyan kafasitocin ciki na ɓangaren wutar gari suna riƙe sama da 300V, na zamani ma kusan 400V, kuma suna iya riƙewa bayan an zare waya. Akwatin kwamfuta ka buɗe ba komai in ka zare wuta, amma wannan ƙaramin akwatin ƙarfen a bar wa wanda ya san yadda ake sauke cajin. In za a canza kuma a sa masu rubutun 105°C, kar a sa na 85 irin na rediyo, ba za su daɗe ba a wurin. A duba kan bod ma, musamman kewayen furosesa, duk wadda kanta ya kumbura ko ta yi tsatsa-tsatsa a sama ta gama. Farkon shekarun 2000 an yi annobar wannan, kwamfutoci da talabijin birjik suka mutu saboda kafasitoci marasa kyau.

Yaro_Koyo:
Toh Baba, na ji. Mu a shagonmu wanda aka buɗe kwanaki ƙadangare aka tarar a ciki ya bushe a kan bod ɗin.

Baba_Rediyo:
Ɗumi yake bi. Kyankyaso ma haka.

Injiniya_Beirut:
Mai Kafe wata tambaya, ana cajin waya a jikin kwamfutar? Domin bod da yawa suna barin ramukan USB da wuta ko an kashe, kuma daga 5V ɗin jiran nan suke sha, ita kuwa amfiya biyu zuwa uku ce duka-duka a yawancinsu. In yaran shago sun soka wayoyi ko fawa banki, ko wani ramin USB ya karye ƙarafunsa suna taɓa juna, ya isa ya danne ta. Haska tocila cikin kowane rami ka gani.

Mai_Kafe_Samaru:
Hmm. Yarona kam da ya buɗe shago abin da yake fara yi kenan, ya soka wayarsa a gaba. Ramin gaba ɗaya kuma robar cikinsa ta fita.

Injiniya_Beirut:
Zare wayar ramukan gaban daga kan bod gaba ɗaya, ka yi amfani da na baya.

MaiSola_Funtua:
Duk abin da za a canza a canza, amma in ba ka sa sitabilaiza ko UPS (akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ba sabon ma haka zai bi. Kuma a kula, ƙananan UPS ɗin nan da inbata masu araha wutar da suke fitarwa ba mai santsi ba ce irin ta nepa, wasu fawa fak na zamani ba sa jituwa da ita, da an ɗauke wuta sai kwamfuta ta mutu duk da UPS na ƙara. Kar kuma a jona firinta mai leza a kan UPS, batirinsa 12V 7Ah ne kawai yawanci.

Ummu_Hanan:
Malam kafin duk wannan gwaje-gwajen, yanzu da take kunne ka kwashe furojet ɗin yaran mutane ka sa a filashi ko ka tura Google Drive. Ranar da za ta ƙi tashi gaba ɗaya ba sallama za ta yi maka ba, kuma ɗalibin da zai kare aikinsa jibi ba zai saurari labarin kafasita ba.

Mai_Kafe_Samaru:
Wlh Hajiya kin yi gaskiya, ina kan kwafewa yanzu haka.

Mai_Kafe_Samaru:
Slm jama'a, ga yadda ake ciki. Na'urar busar da gashi ban samu ba, uwargida ta ce ba a fita da ita. Amma maƙwabcina mai gyaran waya yana da mita, da safe muka auna soket ya nuna 190 da 'yan kai, shunayyar waya kuma lamba ta ƙi tsayawa, tana yawo tsakanin 4 da wani abu. Na taɓa ƙafafun maɓalli da sukundireba kamar yadda Oga Garba ya ce, shiru. Sai na ciro fawa fak na ɗaya kwamfutar na sa mata, na canza batiri, na sayi sabon ekstenshin, na zare USB ɗin gaba, ram ma na goge saboda Sani ya huta. Tun daga nan dannawa ɗaya take tashi. Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci.

sani_fasaha:
Alhamdulillah. Na faɗa muku ram ne.

Ummu_Hanan:
Batiri dai.

Injiniya_Beirut:
Kai Mai Kafe ka ɓata mana bincike 😅 abu biyar ka canza a zama ɗaya, yanzu kowa zai ce nasa ne. Amma mita ta riga ta yi magana, 5V da ke yawo a 4 ba lafiya ba. Saura a san ko fawa fak ɗin ne ya gaza da kansa ko karyayyen USB ɗin ne ke janye shi. Abu mai sauƙi, sa tsohon a ɗaya kwamfutar ka bar ta ta kwana, gobe da safe ka danna.

MaiSola_Funtua:
190 ɗin nan ma ba a banza ba. Fawa fak mai lafiya zai jure, wanda ya tsufa ba zai jure ba, ka ga abu biyu ne suka haɗu. Kuma kwana biyun nan sanyin ya ɗan sassauta, ku jira ya dawo tukuna kafin a yi murna.

Mai_Kafe_Samaru:
Injiniya na yi yadda ka ce. Tsohon a ɗaya kwamfutar jiya ya tashi lafiya, yau kuma sai da na danna ya fi a ƙirga. Na kai wa wani mai gyaran talabijin ya buɗe, ya ce shi bai ga wadda ta kumbura ba ko ɗaya, wai lafiyarsa ƙalau.

Baba_Rediyo:
Ƙananan ba sa kumbura, bushewa suke yi a tsaye kamar ba abin da ya same su. Ka ce masa ya duba 'yan ƙananan da ke kusa da ƙaramar taransifoma, ba babbar ba, irin masu 10 zuwa 47 maikuro a 50V, da ta bakin fitar 5V ɗin. In ba shi da mitar auna su ya canza su duka kawai, kuɗinsu bai kai na katin waya ba.

Injiniya_Beirut:
Baba da mai kyau ne sai in ce a gyara, amma wannan mara nauyin ni ba zan mayar da shi kan kwamfutar da ake neman abinci da ita ba. Gara ya nemi na hannu mai suna, ko 300W ne na gaskiya ya fi ƙarfin wannan kwamfutar tunda ba katin hoto a ciki. Ya je da kwamfutar a gwada a gabansa.

Baba_Rediyo:
Ku yaran yanzu komai a jefar. A gyara a ajiye, wata rana zai yi amfani.

Nura_Gashuwa:
Slm, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni tawa akasin haka take, da safe tana tashi lafiya amma in rana ta take wajen azahar sai ta mutu da kanta, kuma ba ta sake tashi sai ta huce. Ita ma fawa fak ne ko kuwa?

Injiniya_Beirut:
Malam Nura taka zafi ne kusan tabbas. Buɗe gefe ka duba fankar kan furosesa tana juyawa? Yaushe rabon da a hure ƙurar ciki a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi? Turo hoton ciki mu gani.